Ɗaurin talala: tallafin karatun malanta a jihohin Amurka, kyauta ce ko bashi?

Wani aminina da ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Amurka ya bugo mini waya wajen ƙarfe 10 na dare, lokacin su can ana shirin la'asar sakaliya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, 'yarka ce ta shigo da wata takarda daga makaranta, wai gwamnatin jiha za ta biya mata kuɗin jami'a in dai malanta za ta karanta. Sau 3 na karanta. A sama sun rubuta tallafi, can ƙasa kuma na ga maganar kuɗin ruwa. Don Allah kyauta ce ko bashi?"

Na ce, "Alhaji, duka biyun ne. Ranar da ta sa hannu bashi ta ci. Ranar da ta cika shekarun da aka yanka mata a aji, sai bashin ya rikiɗe ya koma kyauta."

Ya yi jim, sannan ya ce, "To ai ɗaurin talala ke nan."

Har yau ban samu kalmar da ta fi tasa dacewa ba. Akuyar da aka yi wa talala tana kiwonta, tana zagayawa, tana ji kamar sake take. Ba ta sanin da igiya a ƙafarta sai ta nufi gonar maƙwabta. Abin da ya rage a bincika shi ne tsawon igiyar, da turken da aka ɗaure ta, da kuma abin da ke faruwa idan ta tsinke.

Da farko, me ya kai jiha ga biya wa ɗan wani kuɗin makaranta? A Amurka galibi ba gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar malaman firamare da sakandare ba. Kowace jiha cikin 50 ɗin nan da nata lasisin koyarwa, gundumomin ilimi su ke ɗauka su biya albashi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin daga harajin gidaje da filayen yankin yake fitowa. Unguwar masu hali makarantarta mai hali ce, ta talakawa kuwa sai abin da jiha ta cika mata. Shi ya sa ƙarancin malamai a can ba ruwan dare ba ne, ramuka ne a wurare sanannu: lissafi, kimiyya, ajin yara masu buƙata ta musamman, ajin 'ya'yan baƙi masu koyon Turanci, sai makarantun ƙauye da na unguwannin marasa galihu a manyan birane.

Ga kuma lissafin da matashi ke yi kafin ya zaɓi kwas. Digiri a can da tsada, galibi da rance ake yin sa. Cibiyar bincike ta Economic Policy Institute ta ƙiyasta cewa a 2022 abin da malamin makarantar gwamnati ke samu a mako ya yi ƙasa da na takwarorinsa masu digiri da kashi 26.4 cikin 100. Yaron da ya iya lissafi yana da ƙofofi da yawa a buɗe, kuma ta aji ce mafi ƙarancin maiƙo. Maganin da kowa ya sani shi ne ƙarin albashi, amma ƙarin albashi kaya ne da in gwamnati ta ɗauka ba ta da ranar saukewa. Tallafin karatu kuwa na mutane ƙalilan ne, yana da daɗin sanarwa a gaban 'yan jarida, kuma in aljihu ya yi zafi ana iya share shi daga kasafin baɗi. Na faɗi wannan ne ba don in rage wa shirin daraja ba. Sanin dalilin da ya sa 'yan majalisa ke son sa yana taimaka wa mai sa hannu.

Jihar da aka fi kafa misali da ita ita ce Karolina ta Arewa. A 1986 majalisar dokokinta ta kafa shirin Teaching Fellows. Ana zaɓo ɗalibai 400 a shekara daga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, bayan an duba sakamakonsu an kuma yi musu intabiyu, a ba kowa dala 5,000 duk shekara har shekara 4. Daga baya aka ɗaga kuɗin zuwa dala 6,500, adadin ɗaliban ya koma 500. Wato mutum ɗaya na iya cin dala 26,000. Sharaɗin shi ne ya koyar shekara 4 a makarantar gwamnati a cikin jihar. Wanda ya saɓa zai mayar da kuɗin da ruwa kashi 10 cikin 100.

Abin da ya fi burge ni a shirin bai shafi kuɗi ba. Ba su miƙa wa yaro cak su ce Allah ya ba da sa'a ba. Tun shekarar farko ana kai su azuzuwa su ga yadda aikin yake, ana haɗa su taruka lokacin hutu, har a zuba su a motocin safa a zagaya da su jihar, daga duwatsun yamma zuwa gaɓar teku a gabas, su ga gonaki da masana'antu da makarantun da wata rana za a iya cewa su je. Yaro ya fito da abokai ɗaruruwa masu sana'a irin tasa, ga kuma sunan da in ya ambata a wurin neman aiki hedimasta zai gyara zama. A tsawon rayuwar shirin na farko an ɗebi ɗalibai kusan 11,000.

Wani bincike da aka buga a 2012 ya bi sawunsu. Ya samu cewa ɗalibansu sun ɗara na sauran malamai a wasu jarrabawa, musamman lissafi, kuma kusan kashi 75 cikin 100 suna nan a aji a shekara ta 5, alhali sauran malaman da aka horar a jihar kashi 68 ne. Shekara ta 5 ita ce ma'auni, domin a lokacin an riga an kwance igiya, wanda ya zauna don ransa ya zauna. Sai dai a yi hattara da wannan tazara. Yaran nan tun asali zaɓaɓɓu ne, kuma masu son koyarwa ne suka nema. Raba abin da igiya ta yi da abin da son zuciyarsu ya yi ba ƙaramin aiki ba ne.

Binciken ya kuma tono wani abu da bai yi wa masu shirin daɗi ba. Da yake an bar wa malamin zaɓin makaranta, kuma kowane hedimasta rububinsu yake, sai suka fi taruwa a makarantun da yaran ba su cika talauci ba, waɗanda dama suna cin jarrabawa. Ruwan da aka ɗebo don busasshiyar gona ya gangara fadama.

A 2011 sabuwar majalisa ta janye kuɗin, rukunin ƙarshe suka kammala a 2015. Shekara 25 ana yabon shiri, kasafi ɗaya ya kwantar da shi. Da aka farfaɗo da shi a 2017 sai aka sake masa fasali, kuma fasalin ya nuna an ji darasin. A lokacin kuɗin ya kai dala 8,250 a shekara, amma ga masu karanta koyar da kimiyya da lissafi da fasaha, ko koyar da yara masu buƙata ta musamman. Ba a ma ɓoye sunansa ba, rance ne da ake yafewa. A tsarin na 2017, shekara 1 a makarantar da ke baya a jarrabawa tana goge rancen shekara 1. A sauran makarantu sai ka yi shekara 2 kafin a goge maka na shekara 1. Ba a tilasta wa kowa zuwa inda ba ya so ba, an dai sa hanya ɗaya ta fi ɗaya gajarta.

Sauran jihohi kowace da inda ta kafa nata turken. Kalifoniya ta ware dala miliyan 500 a 2021 don shirin Golden State Teacher Grant: har dala 20,000 ga mai neman lasisin koyarwa, shi kuma ya yi shekara 4 a makarantar da fiye da kashi 55 cikin 100 na yaranta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, ko masu koyon Turanci, ko waɗanda ke hannun riƙo. Da kuɗin ya fara ja baya a 2024 sai aka rage shi zuwa dala 10,000 da shekara 2. Oklahoma kuwa ta juya abin ne a 2022. Abin da take bayarwa lokacin karatu bai wuce dala 5,500 ba, kamar kafin alƙalami. Babban kason yana gaba: har dala 4,000 a kowace shekarar da ka koyar, tsawon shekara 5. A ganina wannan ya fi tausayi, domin wanda ya gaji a shekara ta 3 abin da bai karɓa ba ya rasa, ba wani tulin bashi ya faɗo masa a ka ba. Illarsa ita ce ɗan talakan da kuɗin rajista ya hana shi shiga jami'a tun farko, alƙawarin kuɗin da zai zo bayan shekara 5 ba ya buɗe masa ƙofa yau.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da igiya ta tsinke, kuma babu labarin da ya fi na shirin TEACH nuna haka. Shi na gwamnatin tarayya ne, amma ɗalibai da yawa kan haɗa shi da na jiha, kuma duk mai rubuta irin wannan yarjejeniya ya kamata ya san abin da ya same shi. Majalisar dokokin Amurka ta kafa shi a 2007: har dala 4,000 a shekara, a madadin koyarwa ta shekara 4 cikin shekara 8 bayan kammalawa, a fannin da ake ƙarancin malamai, a makarantar 'ya'yan talakawa. Idan ba a cika ba, duk kuɗin ya koma rance, kuma ruwan yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka ba ka kowane kaso, ba daga ranar da ka saɓa ba. Babu ragi. Wanda ya yi shekara 3 ya kasa ta 4 daidai yake da wanda bai taɓa riƙe alli ba.

Mu yi lissafin a fili. Yarinya ta karɓi dala 4,000 sau 4, ya zama 16,000. Ta gama, ta koyar shekara 2, sai abin ya juye. Mu ƙaddara ruwan kashi 5 ne cikin 100, wato dala 200 a shekara kan kowane kaso. Kason farko ya shekara 6, na biyu 5, na uku 4, na ƙarshe 3. Jimla shekara 18, sau 200, dala 3,600. Ta wayi gari ana bin ta dala 19,600, kuma gobe ma ruwan bai tsaya ba.

Da a ce masu gudun aji kaɗai abin ya ci, da sai a ce tsuntsun da ya ja ruwa. Amma a shekarun farko na shirin dokar ta ce kowace shekara sai malami ya cike fom, hedimasta ya sa hannu, a aika wa kamfanin da aka ba kwangilar kula da asusun, don a tabbatar yana koyarwa. Fom ya makara da kwana 1, ko an manta sa hannu a layi ɗaya, shi ke nan tallafi ya zama bashi, kuma a wancan lokaci kusan babu hanyar komawa. Mutum yana tsaye gaban allo a irin makarantar da aka ce ya je, yana koyar da darasin da aka ce ya koyar, takardar bashi na jiran sa a gida. A 2015 hukumar GAO mai bin diddigin ayyukan gwamnati ta gano sama da mutum 2,000 da aka juya wa tallafi bisa kuskure. A 2018 binciken ma'aikatar ilimi da kanta ya nuna cewa cikin rukunin farko da aka duba, kashi 63 cikin 100 tallafinsu ya koma rance. Sai da gidan rediyon NPR ya yi ta yayata koke-koken malamai a shekarar kafin ma'aikatar ta amince a watan Disamba za ta sake duba lamarin. Zuwa 2020 an goge wa malamai fiye da 6,500 bashin da ya kusa dala miliyan 44, daga baya kuma aka sassauta ƙa'idar fom ɗin.

Shirin da kusan 2 cikin 3 na masu cin gajiyarsa suka ƙare da bashi, kiran sa tallafi akwai ƙarfin hali. Kuma a duba wa ke sa hannu. Yarinya ce 'yar shekara 18 da ba ta taɓa tsayawa gaban yara 30 ba, tana ɗaukar alƙawari a madadin matar da za ta zama nan da shekara 8, wadda wataƙila ta yi aure a wata jiha, ko ciwo ya kama mahaifiyarta, ko ta gano ba ta da haƙurin aji. 'Yar mai kuɗi in ta ga ba za ta iya ba sai uban ya biya a wuce wurin. 'Yar direba ce za ta zauna tana ƙirga watanni, kuma malamin da ke ƙirga watanni yara na ganewa. Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa, tunda sharaɗin ruwa na cikin takardar tun ranar farko ko da ba a kai ga biyan sa ba. Wannan fagen malaman fiƙihu ne, na dai ce wa aminin nawa ya kai wa limaminsu takardar ya gani.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya da ta sa na sake kallon lamarin. A 2007 ta fara horar da malamai kyauta a manyan jami'o'i 6 da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi: ba kuɗin makaranta, ba na ɗaki, ga alawus. Igiyar doguwa ce ƙwarai, shekara 10 na koyarwa, galibi a lardin da ɗalibi ya fito, kuma wanda ya saɓa zai mayar da kuɗi har da tara. A 2018 aka rage zuwa shekara 6, alamar cewa 10 ta yi yawa ko a can. Amma a takardar tasu gwamnati ma ta ɗaure kanta: wajibi ne lardi ya tanadar wa wanda ya kammala gurbin aiki na dindindin. A yawancin shirye-shiryen Amurka babu wannan. Kai za ka nemo aikin da ya cika sharaɗi, in ba ka samu ba agogo na tafiya.

A nan ne maganar ta iso gida. Mu ma mun san irin wannan shiri. A 2008 aka fara ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, daga baya Zamfara ta shigo, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin Birtaniya. Sharaɗin shi ne su koma su koyar shekara 2 a makarantun karkara. Tunanin mai kyau ne, domin uba ya fi sakin jiki ya tura 'yarsa makarantar da akwai malama, kuma malamar da za ta zauna a ƙauye ita ce 'yar ƙauyen. Nazarin da aka yi wa shirin ya nuna inda ya yi ta tuntuɓe: alawus na makara, da yawa ba sa gamawa a kan lokaci, waɗanda suka gama kuma ɗaukar su aiki ya zama wani dogon zance.

Wannan na ƙarshen na gan shi da idona, a wani shiri makamancinsa na wata jiha. 'Yar ƙanwata ce. Na tuna ranar cike takardar, uban ya dangwala yatsa, mai unguwa ya buga hatimi, ni na tsaya mata. An karanta mana sharaɗi da babbar murya, cewa in ta ƙi zuwa inda aka tura ta za mu biya. Ta yi shekara 3 ta fito da sakamako mai kyau. Daga nan ta shiga zarya da takardunta cikin jakar leda. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce ba a ɗage takunkumin ɗaukar ma'aikata ba, jibi a ce sunanta na cikin jerin da aka aika sama. Wata rana ta ce mini, "Kawu, su fa suka ce in na gudu za su kama ni. Ga ni na kawo kaina, an rasa mai karɓa ta." Ta ƙare a wata makarantar kuɗi a cikin gari, albashin bai fi na cefane ba. Makarantar ƙauyen da aka horar da ita dominta har yanzu babu mace ko ɗaya a cikin malamanta. A Amurka gwamnati ce ke bin malami da takarda, a nan malama ce ke bin gwamnati da takarda, amma a duka biyun wanda aka rubuta wa hukunci ɓangare ɗaya ne.

Wani abu kuma ga matasanmu da ke ganin irin waɗannan sanarwa a Facebook suna turo mini: ba guraben karatu na 'yan ƙasashen waje ba ne. Na jihohi galibi na mazauna jihar ne, na tarayya kuma sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama irin wadda doka ta amince da ita. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom zai sama maka, ka riƙe kuɗinka.

Shi kuwa Alhaji, na ce ya koma kan takardar da biro a hannu. Ya duba ko ana yafewa shekara bayan shekara ko sai an cika duka. Ya duba daga yaushe ruwa ke fara ƙirguwa. Ya nemi jerin makarantun da aikinsu ke shiga lissafi, ya ga ko akwai waɗanda za ta iya zuwa daga gida, da abin da zai faru in makarantar ta fita daga jerin tana tsakiyar aiki. Ya ga ko ana tsayar da agogo saboda haihuwa ko rashin lafiya. Sannan ya tambayi yarinyar, ba a gaban uwarta ba, ko da babu kuɗin nan za ta so koyarwa.

Bayan mako 2 ya sake kira. Tasu ta shekara-shekara ce, kuma akwai uzurin rashin lafiya. Yarinyar ta ce tun tana aji 9 take taya ƙananan yara lissafi a masallacinsu ranar Asabar, shi ne bai lura ba saboda kullum yana kan hanya. Ta sa hannu. Labarin fom ɗin TEACH kuwa ya tsaya masa a rai, har ya sayi jaka ta musamman, duk takardar da ta shiga tsakaninsu da hukumar sai ya adana ta, ya ɗauki hotonta, ya turo mini ta WhatsApp wai ko gobara. Yanzu haka akwai guda 7 a wayata, yarinyar ko zangon farko ba ta gama ba.